Awa 61: abin da muka tarar a cibiyar kula da matan da aka yi wa fyaɗe lokacin yaƙi

Ba zan faɗi sunan cibiyar ba, ba zan faɗi inda take ba, sunan yarinyar ma ba zai fito daga bakina ba. A sansanin 'yan gudun hijira, da ka ambaci wuri ka ambaci wata, to ka nuna mutum da yatsa. 'Yar ƙanwata ce, a hannuna ta tashi tun rasuwar uwarta, Inna take kirana. Shekarunta 19 lokacin da abin ya faru. Ta san da wannan rubutu, da yardarta nake yin sa.

Kafin yaƙi ya tashe mu na yi shekara 17 ina aikin jinya. Na faɗi haka ne domin a san irin idon da na kalli wurin da shi. Na san katin da aka cika da gaggawa, na san nas ɗin da gajiya ta cinye mata haƙuri, na san kabad ɗin maganin da ake cewa a cike yake alhali kwalaye ne babu komai ciki. Abin da ban taɓa ɗanɗanawa ba shi ne zaman bencin masu jira. Wata 14 muka yi muna zirga-zirga a wannan cibiya, kuma abin da na gani shi zan faɗa, mai daɗi da marar daɗi.

A hanyar gudu ne abin ya same ta. Masu bindiga suka tare mu da magariba, suka ware 'yan mata gefe, sai da asuba ta dawo mana babu takalmi a ƙafarta. Tun daga tafiyarta na gane, amma ba ta yi magana ba, ni ma bakina ya yi nauyi. Sai a dare na biyu, muna kwance a gefen hanya, ta matso ta kafa goshinta a bayana ta ce, "Inna, sun taɓa ni." Na juyo na rungume ta ina hawaye, amma can cikin kaina na riga na fara lissafin awoyi.

Lissafin kuwa ga shi, ina roƙon duk mai karantawa ya riƙe shi. Akwai maganin da ke hana ƙwayar cutar ƙanjamau kama jiki bayan fyaɗe, sai dai dole a fara shan sa cikin awa 72, wato kwana 3, kuma gwargwadon saurin farawa gwargwadon amfaninsa. Kullum ake shan sa har kwana 28. Akwai kuma ƙwayar hana shigar ciki ta gaggawa, wadda wa'adinta awa 120 ne, kwana 5 ke nan. Ba zubar da ciki take yi ba, hana shi samuwa take yi. Da wannan lissafi na tashe ta tun kafin gari ya waye muka kama hanya, ƙafarta tana jini.

Mun isa sansanin da hantsi, layin rajista ya kai inda ido ba ya gani. Na hango wata mata da rigar ma'aikatan sa-kai tana zagawa cikin mata, na ja ta gefe na raɗa mata kalma uku. Ba ta tambaye ni yaushe ba, ba ta tambaye ni su wa ba, ba ta ko juya ta kalli yarinyar da irin kallon nan da ke tsirara mutum ba. Cewa ta yi da ƙarfi, yadda na kusa za su ji, "Mama, zo in kai ku a wanke mata ciwon ƙafar nan." Haka muka fita daga layi babu wanda ya san komai. Da muka shiga cibiyar na dubi agogon bango na ƙirga: awa 61.

Ungozoma ce ta karɓe mu, mace mai matsakaicin shekaru, mai sanyin murya. Abu na farko da ta yi bayan ta rufe ƙofa shi ne ta tambayi yarinyar, ba ni ba, ko tana son in zauna ko in jira a waje. Ta sunkuyar da kai ta ce in jira a waje. Wallahi abin ya soke ni. Ni na goya ta, ni na kawo ta, ni nas ce. Na fita na zauna a benci ina jin kamar an kore ni daga ɗakina. Sai daga baya na fahimci cewa wannan ne karo na farko cikin kwana uku da aka tambaye ta abin da take so, ta faɗa, kuma aka yi.

Abin da ya wakana a ciki, da bakinta ta ba ni labari bayan makonni. Ungozomar ta ja ƙaramar kujera ta zauna ƙasa da ita, ta miƙa mata ruwa, ta ce mata duk abin da ta faɗa a ɗakin nan ba zai fita ba sai da izininta. Kafin dogon bayani, kafin cika kati, ta ba ta ƙwayar farko ta rigakafin ƙanjamau ta haɗiye a nan take, saboda agogo ba ya jiran takarda. Sannan kafin kowace taɓawa sai ta tambaya: "Zan naɗe hannun rigarki in duba wannan ƙujewar, kin yarda?" Da aka zo batun duba ƙasanta ta ce a'a. Ungozomar ta tambaye ta ko tana zubar jini ko tana jin ciwo mai tsanani, ta ce babu, sai ta ce to a bari, duk ranar da ta shirya ƙofa a buɗe take. Ba a hana ta ko ƙwaya ɗaya saboda ta ƙi ba. An ba ta ta hana shigar ciki, an ba ta magungunan ciwon sanyi da tunjere, an yi mata allurar tetanus saboda yankan ƙafarta, an yi mata ta farko cikin allurai uku na rigakafin ciwon hanta nau'in B. Babu wanda ya ce sai mun kawo takardar 'yan sanda. A shekarun aikina na sha ganin yadda ake mayar da mace daga ƙofar asibiti ta je ta nemo wannan takarda, ta dawo wa'adin magani ya wuce, ko kuma ba ta dawo ba har abada. A nan ban ga haka ba ko sau ɗaya, kuma ko don wannan kaɗai na ce wa kowace mace ta je.

Wani abu da ya burge ni a matsayina na ma'aikaciya: maganin kwana 28 gaba ɗaya aka damƙa mata, ba na kwana kaɗan a ce ta dawo ta karɓi saura ba. Wanda ya san zaman sansani ya san yau kana nan, gobe an kwashe ku zuwa wani wuri. Sun yi tunani.

Akwai abin da na yi a ranar wanda har yau yake damuna, zan faɗe shi don na san ba ni kaɗai ba ce. Da ungozomar ta fito, na tare ta a lungu na ce ta duba mana ko budurcin yarinyar yana nan. Tsoron bakin mutane ne ya sa ni, da tunanin ranar da wani zai zo neman aurenta. Ta riƙe hannuna ta ce, "Mama, ba ma yin wannan gwajin. Babu abin da yake nunawa, sai ƙarin ciwo." Gaskiya ta faɗa, kuma na san haka tun ina aiki. Tantanin nan ba ya ba da shaidar komai, kowace mace da irin halittarta. A 2018 Hukumar Lafiya ta Duniya, tare da hukumar kare haƙƙin ɗan Adam da ta mata na Majalisar Ɗinkin Duniya, sun fito fili sun ce a daina shi, ba shi da tushe a ilimin likitanci. Ba ta kunyata ni ba, ba ta kuma biye mini ba.

Maganin ƙanjamau bai zo mata da sauƙi ba. Tashin zuciya, ciwon kai, ga rashin barci. A kwana na 9 ta tura mini kwalbar ta ce ta gama, duk ƙwayar da ta haɗiya tuna mata daren take yi. Na je na faɗa musu. Washegari wata ma'aikaciyarsu ta zo layin tantunanmu da sunan wayar da kai kan wanke hannu. Sai da ta shiga tanti biyar kafin ta shigo namu, ta shiga wasu uku bayan ta fita, don kada kowa ya ce wurin wance ta zo. A cikin namu ta zauna a ƙasa, ta zana wa yarinyar layuka 28 a bayan wani kwali, ta soke 9, ta ce, "Ƙanwata, waɗannan kin cinye su. Saura ki riƙa soke ɗaya-ɗaya da hannunki." Ta ba ta shawarar ta riƙa sha bayan ta ci wani abu. Kwalin nan ya cika da soka har ƙarshe. Bayan wata 3 aka sake gwaji, babu cutar. Ciki ma bai shiga ba. Na yi sujada a ƙasan ɗakin gwajin, ban damu da wanda ke kallo ba.

Yanzu ga inda suka gaza, domin yabon da ya ɓoye aibi ba ya amfanar mai zuwa baya.

Ƙarfe 4 na yamma suke rufewa, kuma kwana biyu na ƙarshen mako babu kowa. Awa 11 kacal suka rage mana ranar da muka zo. Da a ce da magariba muka iso, a jajibirin hutunsu, da sai dai mu tsaya muna kallon kwaɗo a ƙofa, magani yana ciki wa'adi yana ƙarewa. Na yi musu wannan ƙorafi sau uku. Daga baya suka ajiye kwalin maganin gaggawa a ɗakin haihuwa, inda ake kwana ana aiki, suka koya wa masu aikin dare yadda ake ba da shi. Ya ɗauke su wata 4.

Sai allon da suka kafa. Ƙaton allo ne a bakin ƙofa, an rubuta aikin wurin ɓaro-ɓaro, ga tambarin masu ba da tallafi jere a ƙasa. Duk macen da aka gani ta doshi wannan ƙofa, an gama karanta ta. Ga famfon ruwa a gefe, kullum cike da jama'a. Na san mata biyu da suka yi ta kewaya wurin kwana da kwanaki suka kasa shiga. Mu kanmu ta baya muke bi, ta wajen shanya. Wanda ya kafa allon yana son duniya ta ga aikin da ake yi ne, bai tsaya a takalmin wadda za ta shiga ba. Shi ma an cire daga baya, aka mayar da hanyar shiga ta cikin sashen awon ciki da rigakafin yara, inda kowace mace take da dalilin zuwa. Ungozomar da kanta ta gaya mini masu zuwa sun ƙaru bayan an cire shi.

Ciwon jiki ya warke cikin makonni. Na zuci shi ne ya zauna, kuma a nan ne na fi ganin darajar wurin, a nan ne kuma ya fi ba ni haushi.

Malamar da ke ba da shawara ta farko, yarinyar ta yi zama uku da ita ba ta ce uffan ba. Malamar ba ta matsa mata ba. Sai ta kawo zare da allura su zauna kowa yana nasa, lokaci ya cika su yi sallama. A zama na huɗu maganar ta ɓalle da kanta. Ta koya mata abin da za ta yi idan firgici ya taso mata, domin a lokacin ko ƙarar takalmin namiji ta ji a bayan tanti sai jikinta ya ɗauki rawa, numfashi ya tsaya mata a wuya. Ta ce ta dafa ƙasa da tafin hannu, ta ja numfashi a hankali, ta ambaci abu biyar da idonta ke gani. Na sha farkawa tsakar dare in ji ta tana raɗa, "Bokiti. Igiya. Tocila. Bargo. Inna." In na ji ta kai kaina sai in yi kamar barci nake, in ɗan matsa kusa.

Ni ma sun zaunar da ni, ban kuma taɓa zaton ina buƙata ba. Akwai ranar da baƙin ciki ya ci ƙarfina na ce wa yarinyar, "Me ya sa ba ki gudu ba? Me ya sa ba ki yi ihu ba?" Kwana biyu ba ta kalli fuskata ba. Da na faɗa wa Malamar, sai ta bayyana mini cewa idan tsoro ya kai maƙura jiki yakan sandare, murya ta ɗauke, ƙafa ta ƙi motsi. Ba yarda ba ce, ba rauni ba ne, hanyar da jiki ke bi ne don ya tsira da rai a gaban bindiga. Ta ce da yawa cikin matan da take gani wannan tambayar ce take cin su, su da kansu suke yi wa kansu ita dare da rana, in kuma ta fito daga bakin uwa sai ta zama hukunci. Na ce to me zan ce mata? Ta ce, "Ki ce kin yarda da ita, ki ce ba laifinta ba ne. Ki faɗa ko da kina ganin ta sani." A daren na faɗa. Fitila a kashe, ina kallon rufin tanti, na ce, "'Yata, na yarda da ke. Ba laifinki ba ne. Ki yafe mini tambayar nan." Ba ta amsa ba. Can sai na ji ta laluɓo yatsana ta riƙe, har gari ya waye ba ta saki ba.

Bayan wata biyu ta shiga zaman rukuni, su goma sha wani abu, mako-mako. Da farko na ƙi, ina ganin tona asiri ne. Ashe ciwon 'ya mace na 'ya mace ne da gaske, ganin wasu suna numfashi bayan irin abin da ya same ta ya yi mata abin da bakina ya kasa. Daga baya na karanta cewa an gwada irin wannan a ƙauyukan gabashin Kwango. Masu bincike na jami'ar Johns Hopkins da ƙungiyar agaji ta IRC sun horar da mata 'yan yankin, waɗanda ba likitoci ba, suka jagoranci zama 1 na keɓe da zama 11 na rukuni. Sakamakon da aka buga a 2013 ya nuna matan da suka bi wannan tsari sun sami sauƙin firgici da damuwa fiye da waɗanda aka ba tallafin ɗaiɗai kawai, kuma sauƙin yana nan bayan wata 6. Wato ba sai an jira babban likitan ƙwaƙwalwa ya sauko daga jirgi ba.

To ana cikin haka, a wata na 5, muka je aka ce Malamar ta tafi. Kwangilar aikinta ta ƙare, kuɗin da ake biyan ta da shi ya yanke. Ko sallama ba a ba su damar yi ba. Bayan makonni aka kawo wata, mai kirki ce ita ma, amma ta buɗe sabon kati ta ce, "Faɗa mini abin da ya faru tun daga farko." Yarinyar ta miƙe ta fita. Mako 7 ba ta sake taka wurin ba, mafarkan suka dawo, ta daina cin abinci. Ba na ganin laifin sabuwar. Laifin na tsarin da ke auna jinyar zuciya da tsawon kwangila ne, da kuma rashin miƙa aiki hannu da hannu. Zama ɗaya tak da su uku, tsohuwa da sabuwa da yarinyar, da ya wadatar. Wannan shi ne babban tabon da cibiyar ta bar mana.

Na biyunsa ranar baƙi. An ce manya za su zo ganin aiki, aka share wuri, sai wani jami'i ya shigo zaman rukuni yana neman mata biyu da za su ba da labarinsu a gaban baƙin, da mai ɗaukar hoto a bayansa. Ya ce ba dole ba ne. Amma in wanda ke riƙe da maganinki da sabulunki ya ce ba dole, wace mace ce za ta iya cewa a'a da sakin jiki? Ungozomar nan ce ta tsaya a ƙofa ta ce ba a ɗakinta ba. Na ji daɗin tsayuwarta, na ji takaicin cewa sai da ta tsaya. Akwai ƙa'idojin da aka fitar a 2022 masu ɗauke da sunan Nadia Murad, 'yar Yazidi ta Iraƙi wadda ita kanta ta tsira daga hannun mayaƙan IS a 2014. Jigonsu shi ne kada a ɗauki labarin wadda ta tsira sai da yardarta ta gaskiya, bayan ta san inda labarin zai je, kada kuma a sa ta maimaita shi ba gaira ba dalili. Ya kamata duk mai shiga irin wannan wuri da kyamara ya karanta su tukuna.

Wanda duk ya san wannan fanni ya san asibitin Panzi da ke Bukavu a gabashin Kwango, wanda Dakta Denis Mukwege ya buɗe a 1999, shi ne kuma ya raba lambar Nobel ta zaman lafiya ta 2018 da Nadia Murad. Tsarinsu ƙafa huɗu gare shi: jinyar jiki, jinyar zuciya, taimakon shari'a, da taimakon komawa neman abin kai. Da wannan ma'auni na auna tamu. Ƙafar farko a tsaye take daram. Har matar da aka yi wa rauni ya zama yoyon fitsari sun tura ta babban asibiti aka yi mata aiki, suka ɗauki nauyin mota da mai rakiya, ta dawo a bushe tana dariya. Ƙafa ta biyu tana da ƙarfi amma tana gurɗewa, kamar yadda na faɗa. Sauran biyun gajeru ne.

Lauya sau biyu a wata take zuwa. Abin da na yaba mata shi ne ba ta sayar mana da mafarki ba. Ta ce a halin da ake ciki babu kotun da za ta kamo mutanen da ba mu san sunansu ba, amma takarda tana da tsawon rai. Tun ranar farko ungozomar ta rubuta takardar shaidar likita: maganar yarinyar da kalmominta, raunukan da ta gani da inda suke, kwanan wata, sa hannu. Kwafi ɗaya a wurinsu cikin kabad mai makulli, ɗaya kuma suka tambaye ta ko tana so ta riƙe ko riƙewar zai jefa ta cikin haɗari. Lauyar ta bayyana mana cewa rashin rauni a jiki ba ya nufin ba a yi fyaɗe ba, kuma kai ƙara ko barin ta zaɓin yarinyar ne, yau ko bayan shekara ashirin. Ita ta ba mu labarin Jean-Paul Akayesu, magajin garin Taba a Ruwanda, wanda kotun duniya da ke Arusha ta same shi da laifi a 1998, karo na farko da aka yanke cewa fyaɗe na iya zama kisan ƙare dangi. Ta ce Bosco Ntaganda, wani jagoran mayaƙa, ya yi ta'asarsa a Ituri da ke Kwango a 2002 da 2003, sai a 2019 kotun manyan laifuka ta duniya da ke Hague ta ɗaure shi shekara 30, cikin laifukansa har da fyaɗe da bautar da mata. Wanda ya fi tsaya wa yarinyar a rai shi ne na matan Sepur Zarco a Gwatamala. A 1982 sojoji suka fara bautar da su, sai a 2016 kotun ƙasarsu ta ɗaure tsofaffin jami'ai biyu, matan sun zama kakanni, sun zauna a kotu fuskokinsu a lulluɓe. Da muka koma tanti ta nemi leda biyu ta naɗe takardarta, ta ɗinke ta cikin matashin kanta.

Iyakar abin da ɓangaren shari'a ya yi mana ke nan. Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya ya zartar da ƙuduri mai lamba 1820 tun 19 ga Yunin 2008, ya amince cewa ana amfani da fyaɗe a matsayin dabarar yaƙi, shi ya sa ake tunawa da ranar duk shekara. An kafa asusun duniya na biyan diyya ga waɗanda suka tsira a 2019. Iraƙi ta yi dokar 2021 da ta tanadar wa matan Yazidi da suka tsira albashin wata-wata. Duk wannan gaskiya ne, amma ko ƙurarsa ba ta iso layin tantunanmu ba.

Batun sana'a kuwa, ɗinki ne kawai, kowa ɗinki. Yarinyar tana ajin ƙarshe na sakandare yaƙi ya tashe mu, littafi take so ba keke ba. An ce mata babu wannan a cikin shirin. Wata ƙaramar ma'aikaciya ce, ba aikinta ba ne ma, ta yi ta sintiri har ta samo mata gurbi a ajin yamma na masu shirin jarrabawa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, da sun tambayi matan tun farko kamar yadda ungozoma ke tambaya a ɗakinta, da ba su tara kekuna ana kallo ba.

Jakar kayan da suke rabawa ba ta da laifi: audugar mata, sabulu, kamfai, bokiti, tocila da usur. Tocilar ta fi komai amfani, don banɗakunan sansanin ba fitila ba sakata, mata da yawa sun gwammace su ƙi shan ruwa da yamma da su fita cikin dare. Ba cibiyar ce ta gina su ba, amma ita ta tattara koken mata ta kai gaba har aka sa sakatu.

Abu biyu na gani da ba su shafe mu kai tsaye ba amma sun tsaya mini. Akwai wadda ta zo da cikin wata 7, duk wa'adin nan na awoyi ya wuce mata tuntuni. Ba a ce mata ta makara ba. An gwada ta, an yi mata maganin sanyi, an sa ta a awo, an zauna da ita kan yadda take ji game da abin da ke cikinta ba tare da an gaya mata yadda ya kamata ta ji ba. Ranar da ta haihu 'yan rukuninsu ne suka kewaye ta. Na biyu, wani saurayi da na riƙa gani yana tsayawa nesa da ƙofar yana kallo, ya juya ya tafi. Maza da yara maza ma ana yi musu, kuma wannan wuri ba shi da ƙofar da za su shiga.

Allurar ciwon hanta ta biyu sai da muka je sau uku, ana cewa ta ƙare. Ta ukun, wadda ake yi wata 6 bayan ta farko, ta zo daidai lokacin da ta koma zama da sabuwar Malamar, bayan ita Malamar ta aiko mata da saƙon ban haƙuri ta ce ba sai ta sake ba da labarin komai ba, su ɗora daga inda take yau. Ranar allurar na ɗauko mayafina zan raka ta kamar kullum, ta ce, "Inna, zauna, zan je da kaina." Na tsaya a bakin tanti ina kallon ta har ta sha kwanar famfo, katinta a hannu, littafin lissafi a hammata don daga can aji za ta wuce.

Da na gama wannan rubutu na ba ta ta karanta. Ta yi shiru ta bi shi layi-layi, ta sa biro ta soke sakin layi biyu, ta ce waɗannan nata ne. Na cire su.